Kafin Mu Sayar da Bijimin Noma: Magana Kan 'Ya'yanmu Masu Son Karanta Kimiyyar Binciken Laifi

Jawabin da aka yi wa dattawan ikkilisiya da iyaye a taron kwamitin ilimi

 

Kwamitin ilimi ya roƙe mu mu yi magana a kan zaɓen abin da yaro zai karanta a jami'a. Batun yana da faɗi, don haka za mu kama shi ta gefe ɗaya, gefen da ya shigo mana har gida.

Bara, lokacin cika fom na JAMB, wani uba daga ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu na ƙauye ya zo da 'yarsa. Yarinyar ta ci jarrabawar gama sakandare da kyau, tana da kiredit a Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks da bayoloji. Uban ya ce, “Fasto, yarinyar nan ta ce sai forensik. Ni dai na gaya mata ba ni da kuɗin forin.” Ashe ya ɗauka karatun ƙasar waje take nufi. Muka yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ya ƙara da cewa in ya kama zai sayar da ɗaya daga cikin bijimansa biyu na huɗa, sai dariya ta tsaya. Gama wanda ya sayar da bijimi ɗaya cikin biyu, garma ce ya ajiye. Ba ita kaɗai ba ce kuma, wasu yaran sun rubuta wannan kalma a takardar neman taimakon asusunmu. Wannan ya sa muka zauna muka bincika, muka kuma tambayi 'ya'yanmu da ke aiki a asibiti da waɗanda ke koyar da kimiyya. Abin da muka samo ke nan muka kawo muku.

Forensik, da Hausa, kimiyyar binciken laifi ce, wato amfani da ilimin kimiyya domin a amsa tambayar da kotu ke yi. Jinin nan na wane ne? Me ya kashe mutumin nan, ciwo ko guba? Garin da aka kama a jaka, fulawa ne ko ƙwaya? Sa hannun da ke kan takardar filin nan, na marigayi ne ko wani ya kwaikwaya? Tunanin da ke ƙarƙashinta ba baƙo ba ne a gare mu. Idan an saci saniya a ƙauye, akan kira mai bin sawu, ya duba ƙasa ya ce ga inda aka bi, mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, a kan wannan ya gina aikinsa: mai laifi yakan bar wani abu nasa a inda ya taɓa, yakan kuma tafi da wani abu daga wurin. Bambancin kawai shi ne sawun da ake bi yanzu ido ba ya ganinsa.

To, abin lura na farko. Locard likitanci ya karanta, ya ƙara da shari'a. Mutumin da ya gano yadda ake bambanta mutane da DNA kuwa, wato ƙwayar halittar da kowa ya gada daga uwa da uba, Alec Jeffreys, bayokemistiri ya karanta a Jami'ar Okisfod. Bai taɓa zama ɗan sanda ba. Yana binciken yadda gado ke bambanta tsakanin mutane ne a Jami'ar Lesta ta Ingila, sai ranar 10 ga Satumba 1984 ya duba sakamakon wani gwaji da ya haɗa da DNA na ma'aikaciyarsa da iyayenta, ya ga cewa kowane mutum yana da nasa zanen, kuma rabin zanen na uwa ne, rabi na uba.

Kun san shari'ar farko da aka yi amfani da wannan ilimi? Ba ta kisa ba ce. A 1985 ne, a kan wani yaro ɗan asalin Ghana wanda iyalinsa ke zaune a Landan. Ya je Ghana ya dawo, jami'an shige da fice suka ce ba su yarda shi ne ɗan matar da ke cewa ita ce uwarsa ba, za su mayar da shi. Aka gwada jininsa da na matar da na 'ya'yanta uku, gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi da uwarsa. Shekara ta gaba aka kai wa Jeffreys maganar kisan 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, a ƙauyukan da ke kusa da Lesta. 'Yan sanda suna riƙe da wani saurayi ɗan shekara 17 wanda ya riga ya amsa laifin kisa na biyu da bakinsa. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe su duka biyu, kuma ba saurayin nan ba ne. Aka sake shi. Sai da aka ɗebi jinin maza wajen 5,000 a yankin, har ma mai laifin, Colin Pitchfork, ya sa abokin aikinsa ya je ya ba da jini a madadinsa, kafin asiri ya tonu aka kama shi a 1987, aka yanke masa hukunci a 1988.

Dattawa, ku riƙe wannan. Yaron ya amsa laifi, amma bai yi ba. Mu da muke zaune inda talaka kan kwana a bayan kanta saboda ba shi da mai tsaya masa, mun san darajar ilimin da zai iya fitar da marar laifi. Saboda haka idan 'yarku ta ce wannan take so, kada ku ce mata shirmen talabijin ne. Abu mai kyau take so. Tambayar ita ce ta wace ƙofa za ta shiga.

Talabijin ɗin ma yana da hannu, gaskiya ne. A shekarar 2000 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na Amurka mai suna CSI, inda ake ganin samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna warware kisa cikin awa ɗaya. Matasan Ingila suka yi ca a kan wannan karatu, jami'o'i kuma suka ga kasuwa ta buɗe. A 2005 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya duba lamarin, ya tarar da kwasa-kwasai wajen 400 masu ɗauke da kalmar forensik a jami'o'i fiye da 50. Wasu an haɗa su da darussan da ba su da wata dangantaka da kimiyya. Masu ɗaukar ma'aikata kuwa suka shaida cewa sun fi son wanda ya yi digiri a kemistiri ko bayoloji tsantsa, sa'an nan ya ƙara digiri na biyu a binciken laifi. Dalilinsu a fili yake. Wanda ya ɗanɗana kemistiri kaɗan, shari'a kaɗan, ɗaukar hoto kaɗan, ya san sunan kowane abu amma ba a iya barinsa shi kaɗai da na'ura. Bayan haka, a 2012, gwamnatin Birtaniya ta rufe hukumarta ta binciken laifi ta kimiyya, wadda ita ce babbar mai ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, domin tana asarar kimanin fam miliyan 2 kowane wata. Yaran da suka shiga jami'a da begen aiki a can suka fito suka tarar an kulle ƙofa.

Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaje-gwaje a ko'ina, sai mu dubi tamu da idon basira. Ranar 3 ga Yuni 2012 jirgin Dana ya faɗi a Legas da mutum 153 a ciki, babu wanda ya tsira. Gawawwaki da yawa sun ƙone, ba a iya gane su da ido. Sai da aka aika samfurin DNA zuwa Ingila, iyalai suka yi makonni suna jira kafin su karɓi nasu su binne. A watan Satumba 2017 Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA da binciken laifi, aka yi murna ƙwarai. A watan Oktoba 2020, cikin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, aka fasa ta aka lalata. A 2019 kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya, galibi a arewa maso gabas. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda har yau ba su san inda kabarin nasu yake ba.

Kun ga bukata tana nan, mai yawa. Amma bukata daban, gurbin aiki mai albashi daban. Wuraren da ke ɗaukar mai wannan ilimi a ƙasarmu ana iya ƙirga su: 'yan sanda, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, hukumar EFCC, manyan asibitocin koyarwa, da 'yan kamfanoni masu gwajin DNA a manyan birane, waɗanda yawancin aikinsu gardamar wane ne uban yaro ce. Ba kowace shekara suke ɗauka ba, in sun ɗauka kuma kun san yadda layin yake ga wanda ba shi da kowa a sama.

Har ila yau akwai abin da ya shafe mu mu kanmu, bari mu faɗa ko da ba daɗi. Sau nawa mutum ya mutu mutuwar da ake shakka, likita ya ce a bari a duba gawa, dangi suka ce a'a, a ba mu mu binne, mun bar wa Allah? Daga baya kuma a shekara goma ana zargin kishiya ko ƙanin miji da sammu, gida ya rabu biyu, mu fastoci mu yi ta sulhun da ba ya ƙarewa. Al'ummar da ba ta yarda a bincika ba, ba za ta samar wa mai bincike aiki ba.

Shawararmu ke nan, kuma ita ce zuciyar wannan jawabi. Yaron da ke son binciken laifi, a digirinsa na farko ya kama kimiyya mai tushe, ya riƙe ta da ƙarfi. Kemistiri, ko bayokemistiri, ko ilimin ƙananan halittu, ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ko ilimin kwamfuta. Binciken laifi ya zo a bisa wannan, ta digiri na biyu ko ta horon wurin aiki. Wanda ya bi haka, in ƙofar forensik ta buɗe zai shiga da ƙarfinsa, in ba ta buɗe ba yana da wasu ƙofofi. Wanda takardarsa ta ce forensik kaɗai, in ya je neman aiki a kamfanin magani ko na abinci ko hukumar ruwa, sai ya yi ta bayanin kansa ga mai ɗaukar aikin da bai taɓa jin sunan ba.

Akwai hanya guda da ta fita daban, ya kamata mu ambace ta. Makarantar horon manyan jami'an 'yan sanda da ke Wudil a Jihar Kano tana ba da digiri, tana kuma da sashen kimiyyar binciken laifi. Wanda ya gama can yakan fito da digiri da muƙamin ASP, wato karatun a haɗe yake da aikin. Amma yaro ya sani ɗan sanda zai zama, da kaki da fareti da canjin wurin aiki zuwa duk inda aka tura shi. Wanda zuciyarsa ta karɓi haka, hanya ce mai kyau, kuma muna bukatar 'ya'yanmu a ciki.

Yanzu bari mu ɗan zauna a kan waɗannan fannoni, domin iyaye da yawa likita da lauya da injiniya kaɗai suka sani, duk yaron da bai samu likitanci ba kuma sai a ɗauka ya faɗi.

A ƙarshen 2008 jarirai suka fara mutuwa a Legas da Zariya da wasu garuruwa, ƙodarsu ta daina aiki. Aƙalla 84 suka rasu. Masu gwaji suka gano cewa wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin yana ɗauke da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake amfani da shi a masana'antu, irin wanda ake sa wa a man birki. Wannan sakamakon gwaji shi ne ya tsaya a kotu har aka yanke hukunci a 2013. A 2010 kuma yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska ce. Da aka gwada jininsu da ƙasar tsakar gidajensu, sai aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gida. Yara fiye da 400 suka mutu. Wane ne ya amsa tambayar “me ya kashe su” a waɗannan wurare biyu? Mai kemistiri ne da mai gwajin jini. Ko an kira shi forensik ko ba a kira ba, aikin ke nan da 'yarmu take mafarki. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, cibiyar binciken lafiyar dabbobi kuma tana Vom tun 1924. Irin waɗannan wurare masu kimiyya mai tushe suke nema.

Kimiyyar gwaje-gwajen asibiti shekara 5 ce, sai shekara guda ta koyon aiki, sai rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Amfaninta shi ne tana da lasisi, kuma babu garin da ba a gwajin jini. Kemistiri da bayokemistiri da ilimin ƙananan halittu shekara 4 ne a yawancin jami'o'i. Wanda ke son ya zama mai binciken gawa kuwa, ya sani wannan likita ne cikakke: shekara 6 a makarantar likitanci, shekarar koyon aiki, bautar ƙasa, sa'an nan wasu shekaru na ƙwarewa. Babu gajeriyar hanya zuwa can, kuma digirin forensik ba ya kai mutum.

Fannin da muke gani ya fi saurin buɗewa shi ne na waya da kwamfuta. Dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, a 2015 kuma aka yi dokar laifukan intanet. Yau barawo ba sai ya haura katanga ba, da saƙon waya yake kwashe kuɗin gwauruwa. Bankuna da kamfanonin waya suna bukatar masu bin irin wannan sawu, kuma kayan koyonsa bai kai tsadar na'urar DNA ba. Sai dai lissafi ne ƙofarsa.

Wannan ya kawo mu ga inda ake yanke shawarar tun ba a sani ba. Ba ranar cika fom na JAMB ake zaɓen kimiyya ba, a aji ɗaya na babbar sakandare ake yi, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro yana bukatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a JAMB kuma zai rubuta darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kuwa sun danganta da kwas ɗin. Bayokemistiri yakan nemi bayoloji da kemistiri da fiziks, ilimin kwamfuta yakan nemi lissafi da fiziks. Mun ga yaro mai maki mai kyau ya rasa gurbi domin ya haɗa darussan da ba su dace ba, mai shagon intanet ne ya zaɓar masa. Littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB yana nan, a karanta shi kafin a biya kuɗi.

Dattawa, makarantun da yaranmu ke zuwa a ƙauyuka, nawa ne ke da malamin kemistiri? Nawa ne ke da ɗakin gwaji da ya wuce allo da alli? Akwai yaran da suka fara taɓa kwalbar gwaji ranar jarrabawa. Idan ikkilisiyoyi uku da ke kusa da juna suka haɗa hannu suka riƙe malamin lissafi da kemistiri guda na lokacin hutu, abin da za su kashe bai kai kuɗin lasifikar da muke saya ba. Wannan magana ce ta wata rana, amma mun ajiye ta a gabanku.

Idan an zo zaɓen jami'a, kada sunan kwas ya ruɗe mu, kada kuma kyan ƙofar shiga. A tambaya ko hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, gama amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban, kuma rashinta kan hana yaro tafiya bautar ƙasa. A nemi ɗalibin da ke aji uku a sashen a tambaye shi sau nawa ya yi gwaji da hannunsa a zangon da ya wuce, su nawa ne a kan na'ura ɗaya, ina waɗanda suka gama bara suke. Ɗalibi zai faɗa maka abin da takardar talla ba za ta faɗa ba. A kuma yi lissafin kuɗi da shekarar ƙari, domin a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ga masu karatu a makarantun gwamnati. Rance ne, za a biya, amma ya kamata a duba shi kafin a taɓa abin noma.

Ku matasa na baya, wannan naku ne. Shekarar farko a sashen kimiyya babu gawa, babu zanen yatsa, babu komai irin na fim. Lissafi ne da fiziks da kemistiri, a aji mai ɗaruruwan mutane, wani lokaci a tsaye. Da yawa a nan suke karaya. Ku sani makin aji ɗaya yana bin mutum har ranar gamawa, kuma masu ba da tallafin digiri na biyu sukan nemi sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Jami'ar Lozan ta Suwizalan tana koyar da wannan ilimi tun 1909, Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo tana ba da digiri na biyu a kansa tun 1967, nan kusa kuma Jami'ar Cape Coast ta Ghana tana da sashensa. Ɗan manomi ba ya zuwa irin waɗannan wurare sai da tallafi, tallafi kuwa maki yake bi. Lokacin koyon aiki na SIWES, kada ku nemi ofishin da za a sa muku hannu ku koma gida. Ku nemi inda akwai na'ura, ko da wanke kwalabe za a fara ba ku. Kada kuma ku raina darasin ƙididdiga, domin a kotu ba a tambayar ko samfuri biyu sun yi kama kawai, ana tambayar mutum nawa cikin miliyan za su iya yin kama haka.

Saura abu ɗaya, wanda a ganinmu ya fi duk waɗannan nauyi. Mai wannan aiki mashaidi ne. Zai tsaya gaban alƙali ya rantse, kuma maganarsa ta fi ta sauran mashaidu nauyi domin ana ganin kimiyya ba ta ƙarya. Kimiyya kuwa mutane ne ke yin ta. A 2004, bayan harin bam a jiragen ƙasa na Madrid, hukumar FBI ta Amurka ta ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya ne Ba'amurke, Brandon Mayfield. Aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka nuna na wani ne dabam. A 2015 hukumar ta amsa cewa a shari'o'in da aka sake dubawa, masu gwada gashi nata sun faɗi abin da ya wuce iyakar iliminsu a fiye da kashi 90 cikin 100. Waɗannan kuskure ne da yawan yarda da kai. Akwai kuma na ganganci. Wata mai kemistiri a ɗakin gwajin ƙwayoyi na Jihar Masacusets, Annie Dookhan, an san ta da saurin aiki fiye da kowa, ana yabonta. A 2012 aka gano cewa sau da yawa duban samfuri kawai take yi ta rubuta sakamako ba tare da gwaji ba. Aka ɗaure ta, a 2017 kuma kotu ta soke hukunci fiye da 21,000 da aikinta ya shafa. Mutane sun yi zaman kurkuku a kan takardar da ta sa wa hannu.

A can ke nan, inda ake sake dubawa. A nan, yaronmu zai gamu da ranar da babba zai kira shi ya ce sakamakon nan a gyara shi kaɗan, ko a ce samfurin ya ɓace. Tun muna yara aka koya mana nauyin shaidar zur, to, wannan sana'a ce da jarabar take zuwa da hatimin ofis. Saboda haka iyaye, ku dubi halin yaron tare da makinsa. Mai haƙurin maimaita abu sau uku ne? In ya yi kuskure yakan faɗa, ko yakan rufe? Zai iya cewa “ban sani ba” a gaban manya? Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: uban da ya biya kuɗi aka kai ɗansa cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo, ya riga ya koya masa rubuta sakamakon da bai gwada ba. Ɗalibin da ya kwafi lambobin abokinsa a littafin gwaji domin nasa bai fito daidai ba, abin da matar nan ta yi ke nan, girma ne kawai ya bambanta.

Game da yarinyar da muka fara da ita, mun zauna da ita da ubanta sau biyu. Mun haɗa ta da wata 'yarmu mai aikin gwajin jini a babban asibiti, ta kwana biyu tana kallon aikin, ta dawo ta ce wari ya fi yadda ta zata amma tana so. Ta sa bayokemistiri a fom, ta samu gurbi a jami'ar tarayya, yanzu tana aji ɗaya tana kuka da fiziks. Ta ce maganar forensik tana nan, ba ta janye ba, mun ce mata mu ma ba mu ce ta janye ba. Uban ya sayar da gyaɗa da akuya biyu, asusunmu ya cika sauran, bijimai suna nan sun yi huɗar bana.

Bayan cin abinci, malaman kimiyya uku da ke tare da mu za su zauna a ajin Sande Sukul. Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama, ya je da yaron da sakamakonsa na zangon da ya wuce. Sakatarorin ikkilisiyoyi kuma su ba sakataren kwamiti sunayen makarantun da ba su da malamin kemistiri ko na lissafi kafin a tashi.